Sharhi: Canjin yanayi laifin manya ne, amma gonar tamu ce



Duk wanda ya saba zaman fada da dare ya san yadda hirar ke tafiya. Ana dafa shayi, an jingina salula jikin buta ana kallon Labarina ko Izzar So, sai wani ya share gumi ya ce, "Kai, wannan zafi bana ya wuce misali." Nan take musu ya tashi. Ɗaya ya ce Turawa ne suka ɓata duniya da masana'antunsu. Wani ya ce a'a, mu ne muka sare dajinmu da hannunmu. Dattijon da ke gefe ya ce ku bar wannan zance, ruwa da zafi duk na Allah ne. Kafin a zuba shayi na biyu an koma kan fim, zancen ya mutu. To yau muna so mu tayar da shi, don kowane cikin ukun nan yana riƙe da guntun gaskiya, kuma shi kansa fim ɗin da aka koma kallo yana da hannu cikin maganar.

Abin da idonmu ya gani

Ba sai an kawo mana labari daga nesa ba. Damanar 2024 ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyon ɗaya. A ƙarshen watan Agusta ruwan kwana ɗaya ya rusa gidaje da yawa a birnin Maraɗi, ya tafi da rayuka. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Komawar yara makaranta da aka tsara farkon Oktoba sai da aka ɗage ta zuwa ƙarshen watan, don waɗanda ruwa ya raba da gidajensu suna kwance cikin azuzuwa. Kafin ruwan kuma, a watan Afrilun wannan shekara, zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na Mali, cikin watan azumi.

Wani zai ce, da can fari ake kuka da shi, yanzu kuma ruwa? Ai abu guda ne. Hayaƙin da ke fita in an ƙona fetur, gas da gawayin ƙasa yana taruwa a sama kamar bargo, ya hana zafin rana komawa inda ya fito. Iska kuwa in ta yi zafi ta fi ɗaukar ruwa: ƙarin digiri ɗaya na ba ta damar riƙe kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarin danshi. Shi ya sa ruwan da ya kamata ya sauka sannu-sannu cikin mako uku sai ya zubo dare ɗaya, bayan nan kuma a yi kwanaki sama ta bushe, hatsi yana tsaka da fitar da kai. Manomi ya yi asara sau biyu: shuka ta nutse, wadda ta tsira kuma ta ƙone.

Wa ya kunna wutar?

A nan mai cewa laifin manya ne ya fi kowa hujja. Nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa daga fetur, gas da gawayin ƙasa ba. Abin da Ba'amurke guda ke fitarwa a shekara ya fi na ƴan Nijar ɗari. Matar da ke hura wuta da kara a Dakoro ko Mirriya, ko ta kwana tana girki har ƙarshen rayuwarta, ba ita ta ɗumama duniya ba.

Manyan ƙasashen sun amsa wannan da bakinsu, a taron da ake kira COP da ake yi kusan kowace shekara. A Kopenhagen, 2009, sun yi alkawarin dala miliyar 100 duk shekara kafin 2020 don taimakon ƙasashe masu tasowa. Dalar Amurka fa, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba. Sai a 2022 lissafinsu ya nuna kuɗin sun cika, kuma mafi yawansu bashi ne da za a biya. A Faris, 2015, an amince a yi ƙoƙari kada ɗumamar duniya ta wuce digiri ɗaya da rabi, amma shekarar 2024 ta riga ta taɓa wannan iyaka. A Sharm el-Sheikh na Masar, 2022, an yarda da kafa asusun biyan asara da ɓarna, sai dai abin da aka yi alkawarin zubawa cikinsa a Dubai shekara guda bayan haka bai wuce kimanin dala miliyon 700 ba, ga duniya duka. A Baku, 2024, ƙasashe matalauta sun nemi dala miliyar 1,300 a shekara, aka tsaya kan 300, su ma sai nan da 2035. Ranar da Donald Trump ya koma mulki, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu kan fitar da Amurka daga yarjejeniyar Faris karo na biyu.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata mu gane. Zancen nan na cewa kowa ya auna sawun hayaƙinsa, ya rage, kamfanin mai na BP ne ya yayata shi da tallace-tallace wajen 2004 zuwa 2005. Ba ƙarya ba ne cewa mai motoci biyar da jirgin sama yana da abin ragewa. Amma in aka mayar da maganar duka kan ɗaiɗaikun mutane, sai a manta da kamfanin da ya haƙo man da gwamnatin da ta ba shi izini. In wannan salon ya iso ƙauye, shi ne za ka ji wanda ya fito daga mota mai sanyi yana yi wa mai ɗauke da ƙunshin icce faɗa kan hamada.

Kason hukumominmu

To amma kada mu tsaya a Baku. Ruwan da ya ci unguwa a Maraɗi, Tawa ko Yamai bai tambayi wa ya fitar da hayaƙi ba, hanyar wucewa ya nema bai samu ba. Wa ya yanka filaye cikin kori da bakin gulbi ya sayar? Wa ya kamata ya gina magudanan ruwa ya kuma yashe su kafin damana? Tsofaffin Maraɗi sun san tarihi: ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da garin daga kwari aka mayar da shi kan tudu. Yau ga mu muna gangarawa inda kakanni suka gudo.

Tun 2014 akwai dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, amma duk wanda ya je kasuwa ya san inda dokar ta tsaya. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram tana aiki tun 2011, tana fitar da gas na girki, amma har yanzu mafi yawan gidajen ƙasar da icce suke dafa abinci, don kuɗin tukunyar gas ta farko ya fi ƙarfin talaka, kuma a ƙauyuka da yawa babu inda za a cika ta. Tun 2024 ɗanyen man Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. Ba wanda ke da bakin cewa Nijar kada ta sayar da manta, bayan wasu sun yi shekara ɗari suna ƙona nasu. Tambayar da ɗan ƙasa ke da hakkin yi ita ce: cikin kuɗin nan nawa ke komawa magudanan ruwa, da rijiyoyin noman rani, da sauƙaƙa farashin gas?

Mun kuma ga darasi a 2023. Bayan juyin mulkin watan Yuli, tallafin waje da yawa ya tsaya cak, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da muke dogaro da ita. Abin da ya ɗan rage wa Yamai duhu a lokacin shi ne tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30. Kowane ɓangare mutum yake a siyasa, wannan ya nuna cewa kuɗin waje suna zuwa da sharaɗi, suna kuma iya tsayawa rana ɗaya. Abin da ke cikin hannunmu shi ne ba a iya yankewa.

Abin da manomi ya yi ba tare da an kira taro ba

Ga hujja kuwa a gonakinmu. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. Ayyukan dashen itace sun ci kuɗi, yawancin dashen ya mutu. Wajen 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin noma a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi a ƙasa. Abin yi kawai shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga gatari da bakin dabba. Shi ne sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Ga kuma tsoro: a lokacin itace na gwamnati ne, in ka bar shi ya girma a gonarka, ran da ka sare reshe ma'aikatan gandun daji za su ci ka tara. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata iccen da ya raina nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Ƙauyuka irin Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitin tsaron itace, har da mata da makiyaya a ciki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyon 5 da itatuwa wajen miliyon 200, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram. A jahar Tawa kuma, wajen Illela da Keita, tassa da rabin-wata sun mayar da faƙo gona.

Kowane manomi ya san amfanin gawo: yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina taki, da rani kuma ƴaƴansa abincin bisashe ne. Ba don ceton duniya manoman nan suka yi ba, don rumbunsu suka yi. Amma a kwatanta da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda aka yi wa alkawarin sama da dala miliyar 14 a Faris a 2021 kuma har yau yake tafiyar hawainiya. Mai adda da gatari ya riga mai tebur da makirfo nisa.

Wannan shi ne ma'aunin da muke gani daidai: nauyin kowa gwargwadon abin da ke hannunsa. Ba a tambayar manomin Gidan Rumji hayaƙin Amurka. Amma ana iya tambayarsa gawon da ya sare ya sayar wa mai gawayi. Dattijon fada ma da gaskiyarsa, ruwa na Allah ne, sai dai malamai sun sha gaya mana tawakkali bai hana mutum ɗaure raƙuminsa ba.

To ina fim da waƙa suka shigo?

Sassaben zamani bai bazu don an rubuta rahoto ba. Ya bazu ne ranar da abin kunya ya koma abin alfahari, ranar da mai itace a gona ya daina zama abin dariya. Kuma a yau wa ke raba kunya da alfahari a zukatan samarinmu? Salula ce. Labarina, Izzar So, Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, finafinan Indiya masu fassarar Hausa, waƙoƙin Hamisu Breaker, Ado Gwanja, Umar M. Shareef da ƴarmu Fati Nijar. Yaro zai biya kuɗin caji da na tura fim a kati kafin ya sayi ƙosai. Ba laifi ba ne. Wanda ya wuni cikin rana yana da hakkin ya huta ya yi dariya, kuma mu kanmu a gidan rediyo mun san shirin gaishe-gaishe da zaɓen waƙa ya fi kowane shiri samun kira.

Amma mu duba abin da ake nuna mana a matsayin cin nasara. Gidan bene, tsakar gida shafe da siminti ba ko bishiya, mota ƙatuwa, na'urar sanyi. Baƙauye kuwa sau da yawa shi ne abin dariya, mai tsohuwar riga da baƙin haƙori, tun zamanin barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa. Da wuya ka ga jarumin da ya samu matar da yake so don gonarsa ta yi albarka. Yaron da ya shekara goma yana kallon wannan, in ya je bida ya samo kuɗi, me zai fara yi? Ya sare darbejiyar ƙofar gida ya yi wurin ajiye babur, ya rufe ɗaki da kwano, ɗakin ya koma tanda a watan Afrilu.

Masu ƙwallo ma kada su ce ba ruwansu. Gasar cin kofin Afirka da muke cika gidan kallo dominta tana ɗauke da sunan kamfanin mai na TotalEnergies tun 2016. Kamfanin Aramco na Saudiyya ya zama babban mai ɗaukar nauyin FIFA a 2024. Ita FIFA ta yi tallar cewa gasar duniya ta Katar a 2022 ba za ta ƙara wa duniya hayaƙi ba, sai da wata hukumar sa ido kan talla a Suwizalan ta ce a 2023 maganar ba ta da hujja. Ba cewa muke a daina kallo ba. Cewa muke kamfanonin nan sun san inda idon jama'a yake, shi ya sa suke zuba kuɗi a can. Su sun gane ƙarfin nishaɗi, mu ne ba mu yi amfani da namu ba.

Alhali kuwa muna da shi tun kaka da kakanni. Da can makaɗan noma na bin gayya, suna zuga mai ƙarfin hauya har ya manta da gajiya. Wanda ya noma dami dubu ana yi masa biki, a naɗa shi sarkin noma, sunansa ya zagaye ƙasa. Kokowa kanta ƴar kaka ce, sai rumbu ya cika ake share fili. Gasar takobi da aka fara a Tawa a 1975 tana tsayar da ƙasar nan cak duk shekara, yaro ƙarami ya san Issaka Issaka ya kuma iya kirarinsa. Me zai hana maroƙin da ke wasa ɗan kokowa ya wasa wanda ya raini gawo ɗari a gonarsa? Me zai hana a ga gwanin da yara ke so, ranar dashen itace ta 3 ga Agusta, ya koma bayan wata shida ya nuna iccen da ya dasa yana raye? Dashe ranar biki kowa ya iya, ban ruwa a watan Maris shi ne aikin.

Ba wa'azi muke nema cikin fim ba, fim mai wa'azi ba ya samun ƴan kallo. Labari muke nema. Rigimar gado kan gonar da ke da itatuwa, saurayin da ya sayi fili da arha cikin kori ya kai amarya, manomi da makiyayi kan burtali da ya toshe, matar da mijinta ya tafi Libiya ya bar ta da gona da yara shida. Duk wanda ya rayu a nan ya san waɗannan sun fi rikicin gidan attajiri ɗaukar rai.

Ga masu gida, ga ƴan bida

Kafin damana mai zuwa akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Mai sassabe ya bar tsiron gawo, kalgo, sabara da aduwa. A saurari hasashen damana da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da hukumar yanayi ta ƙasa ke fitarwa kafin shuka, wanda gidajen rediyo ke karantawa da Hausa. A nemi iri mai saurin nuna, irin hatsin HKP na cibiyar binciken noma ta INRAN mai reshe a Tarna. Samarin fada su ɗauki rana guda su yashe magudanar unguwa, a daina zuba shara da leda a ciki. In an ga ana yanka fili a hanyar ruwa, a je wajen mai gari da magajin gari tun ba a aza tubali ba.

Ku kuma ƴan'uwa na waje, kuɗin da kuke turowa su ke riƙe da gidaje da yawa, don haka maganarku tana da nauyi. In za ku sayi fili, ku sa a tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi shekarar da aka yi ruwa da yawa. In za a yi gini, a fara da harsashi mai ƙarfi kafin fenti. Tukunyar gas ko murhu mai tsimin icce ga inna ya fi sabuwar salula amfani ga idonta da ƙirjinta. Waɗanda ke da katin zaɓe a Turai da Amurka kuma, ku tuna cewa alkawuran Baku a majalisun ƙasashen da kuke zaune ake cika su ko a karya su.

Bashin da manyan ƙasashe suka ci yana nan, kuma wajibi ne shugabanninmu su ci gaba da bin sa da babbar murya, su kuma yi mana bayanin abin da ya shigo. Amma ruwan Agusta ba zai jira a biya ba.

Layinmu a buɗe yake. Wanda ya kira neman waƙa a shirin gaishe-gaishe na wannan mako, muna roƙon ya ƙara mana da abu guda: itace nawa ya bari a gonarsa bana, kuma wane ne ya fi kowa itatuwa a ƙauyensu. Za mu faɗi sunansa a rediyo, mu sa masa waƙar da yake so. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da ruwan ɓarna.